Yarinyar da Ba Ta da Kabari

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da kayanku. Ke mai alƙalami, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Na sha ba ku tatsuniya kuna barci a cinyata ban kai ƙarshe ba. Wannan ba irinta ba ce. Wannan da idona na gani, da ƙafata na taka, har yau in sanyi ya shigo gwiwoyina suna tuna mini.

Labarin uwarku ne. Ba zan kama sunanta ba, kun san 'yar fari ce, bakina bai taɓa faɗarsa ba, ba kuma yau zai fara ba. Lokacin shekarunta sha biyu, siririya, ga tsawon wuya, ga taurin kai irin na ubanta.

Muna ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke biyo hanyoyin siminti yana ratsa gonaki. Shekarar da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama daga waje ce, burodi ya yi wuya, aka ce kowa ya shuka tasa. Kakanku ya rasu da farkon damina. Ya bar mini marayu uku, uwarku da ƙannenta biyu da ba su san komai ba, da gonar noman rani eka ɗaya a ƙarshen layi.

Ina fita takaba wan mijina ya zo ya zauna a zaure. Ya ce, "Mace ba ta riƙe gonar rani. Akwai wani ɗan kasuwa daga birni yana karɓar gonaki haya, shi zan ba."

Na san irin wannan hayar. Na ga gonakin da suka shiga hannun mutanen birni, ban ga wadda ta dawo ba. Na je na durƙusa gaban liman, aka kira shi, aka yi ta magana. A ƙarshe ya ce, liman na ji, "Na ba ki rani ɗaya. In alkamar ta yi, gona na hannunki har yara su girma. In ta mutu, ba ki da sauran ta cewa."

Na ce, "Na ji, Yaya."

To, na shuka. Ba mai yi mini kulle, na ɗaura ɗamara na fita. Na koyi ban ruwa da lanƙwasasshen bututu, ki nutsa shi ya cika, ki toshe baki ɗaya da tafin hannu, ki wurga shi ƙetaren kunya, sai ruwa ya bi. Alkama ta fito kore shar, har masu wucewa suna cewa matar marigayi ta iya.

Ku ji yadda ruwan yake, don nan labarin ya rataya. Layinmu ranar Laraba ake sakar masa ruwa, sau ɗaya a mako. Ruwan yakan gangaro ya faɗa wani akwatin siminti mai zurfi, in namiji ya tsaya ciki zai kai masa ƙugu. A jikin akwatin akwai bakin bututu biyu. Na dama yana kai ruwa gonar wani Alhaji mai tumatir, gona ce da ido ba ya ganin ƙarshenta. Na hagu gonata kaɗai yake shayarwa.

Da sanyi ya fara ja baya, tumatir ya ɗauki 'ya'ya yana neman ruwa, sai Alhaji ya sa 'yan ƙwadagonsa suka jera buhunan yashi a bakin bututuna. Laraba ta zo, ruwa duka ya bi dama. Na same shi a bakin hanya a kan babur ɗinsa, na gaishe shi, na faɗa masa.

Ya ce, "Ayya, baiwar Allah, yi haƙuri. Mako mai zuwa in sha Allahu."

Mako mai zuwa ya zo, buhuna na nan, har da ƙarti biyu a tsaye a kai. Na je wurin mai unguwa, ya ce za a duba. Na je wurin wan mijina, ya ce, "Ai na faɗa miki." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Alkamar kuwa ta yi ciki, tana shirin fitar da kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan. Ganyenta ya fara naɗewa. Ƙasa ta tsage, ina sa yatsuna huɗu su shige. Kowa ya duba sai ya ce abu ɗaya: in Laraba ta uku ta wuce ba ruwa, sai dai a kira Fulani su sa shanu su cinye.

A cikin wannan hali littafin ya shigo gidana.

Uwarku tana aji shida. An kawo musu wata sabuwar malama daga birni, yarinya ce ma ita kanta, tana zaune a gidan hedimasta. Malamar nan tana da 'yan littattafai a kwali tana ara wa 'yan mata. Uwarku ta zo da ɗaya, ɗan siriri, a bangonsa an zana wata yarinya da tulu a ka. Tun da ya shigo ban ƙara samun 'yar aike ba.

Bayan la'asar ina tankaɗe na ce, "Ke, rufe wannan takarda ki zo ki kama mini."

"Inna, saura shafi ɗaya."

"Shafinki ɗaya tun shekaranjiya bai ƙare ba. Haihuwa yake yi?"

Ta yi dariya ta ce, "Bari in karanta miki, in bai fi naki daɗi ba ki ƙone shi."

Na ce, "Karanta mu ji, mai bakin aku."

Ta karanta. Wai a zamanin da, a wani gari mai ganuwa, an yi fari shekara biyu. Rijiyoyi duk suka ƙafe sai ɗaya. Wani babban barde ya sa mutanensa suka tsare ta, dawakinsa suna sha, talakawa suna kallo. Akwai wata yarinya 'yar maginin tukwane, uwarta ta mutu tun a shafin farko. Ta ɗauki tulu da sassafe ta je bakin rijiyar, ta naɗe igiyar guga a ƙugunta, ta zauna a gaɓa ta zura ƙafafu ciki. Ba mai jan ruwa sai ya jefa ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba. Ta zauna har rana ta karkata, gari ya taru, sarki ya ji ya zo da kansa, aka buɗe rijiya ga kowa.

Ni kuwa mai tatsuniya ce, yaran unguwa duk a tsakar gidana suke taruwa, na san kayana. Na saurara da kyau. Ban ji waƙa a ciki ba. Ban ji dabba ta yi magana ba. Na ji an faɗi ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya, an faɗi irin hatsin da suke ci, an faɗi yadda ake gasa tukunya, kuma haka ake gasa ta. Na ce a raina wannan ba tatsuniya ba ce, tarihi ne.

Kuma ku gane, ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Rubutu a wuri biyu na san shi: a Alƙur'ani, da takardar da hukuma ta ba kakanku ranar rabon gonaki. Ban taɓa jin an zauna an rubuta abin da bai faru ba, har a kai shi inji ya buga. Mu masu ƙarya da baki muke yinta, yara su yi barci, iska ta kwashe.

Ranar Talata da yamma muka dawo daga gona. Uwarku ta je ta tsuguna gaban tulunmu na ɗibar ruwa, tana auna gindinsa da taƙi. Ta ce, "Inna, na auna bakin bututun Alhaji. Daidai yake da wannan."

"To, sai me?"

"In na cusa tulun a ciki na zauna na jingina da shi, ruwa ba shi da hanya. Ko su ɗauke buhunan, ko ya tumbatsa ya fasa kunya ya shiga tumatir ɗinsa da ya nuna."

Na ce, "Ke kuma kina ina lokacin da yake tumbatsa?"

"Ina zaune."

"Allah ya kiyaye. Ki bar wannan magana."

Ta ce, "To gobe Baffa ya kawo mutumin birni."

Na daɗe ina kallon murhu. Can na ce, "Wannan yarinya ta littafi, da gaske an yi ta?"

Ta ɗauko littafin ta buɗe mini, kamar zan gane. Ta ce, "Ga shi a rubuce, Inna."

"Ta tsira?"

"Ta tsira. Har ta tsufa ta ga jikoki."

Ku lura da amsarta, ni ban lura ba sai daga baya. Na ce a raina, an taɓa yi, kuma an tsira, har hukuma ta yarda aka buga. Allahn da ya fitar da waccan yana nan. Na ce, "Na yarda. Amma ina bayanki."

Ta ce ita kaɗai za ta fara zuwa, kafin 'yan ƙwadago su fito, don in sun ga babba za su tare hanya. Na ce to. Ruwa dai ba ya isowa akwatinmu sai rana ta ɗan ɗaga, ina da lokaci.

Akwai abin da nake so in yi kafin in bi ta. Na jiƙa gero na daka gumba, don in yi wa yarinyar littafin sadaka. Baiwar Allah ce da ta riga mu gidan gaskiya, ga shi za mu bi sawunta, ai ya kamata a yi mata addu'a. Amma ba a yi wa mamaci sadaka haka kawai. Ina so in san garin da aka binne ta, in san ko tana da zuri'a a raye.

Gari na wayewa uwarku ta yi salla ta ɗauki tulu ta fita. Ban ga ta ɗauki igiyar guganmu ba. Na kai ƙannenta gidan maƙwabta, na ƙulle gumbar a gefen mayafi, na nufi gidan hedimasta.

Na sami Malama a ƙofar ɗakinta tana goge takalmi. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, "Malama, tambaya ce ta kawo ni. Yarinyar nan mai tulu ta littafinki, a wane gari kabarinta yake?"

Ta ce, "Wace yarinya, Inna?"

"'Yar maginin tukwane. Sadaka zan yi mata."

Sai ta rufe baki da hannu tana dariya. Da ta dubi fuskata dariyar ta tsaya. Ta ce, "Inna, ai ba ta da kabari. Ba a yi ta ba."

"Kamar yaya ba a yi ta ba?"

"Garin gaskiya ne, an kuma yi irin wannan farin a da. Amma yarinyar, wata mata ce marubuciya ta ƙirƙire ta ta sa a ciki, don 'yan mata su sami wadda za su yi koyi da ita."

"Rijiyar fa? Sarkin da ya zo fa?"

"Duk ita ta tsara."

Na ce, "Ashe tatsuniya ce."

Ta ce, "Ba tatsuniya ba ce, Inna, wani irin rubutu ne da..."

Na ce, "Malama, in bai faru ba tatsuniya ce, ko da inji aka buga ta."

Nan na gane abin da na yi. Don ni na san yadda ake ceton yarinya a tatsuniya, sana'ata ce. In na kai ta bakin halaka na ga idon yara ya cika da hawaye, sai in buɗe mata ƙofa a jikin kuka, ko in aiko da tsuntsu. Da bakina nake yi, ba ya cin mini komai. Haka matar nan ta aiko da sarki, da alƙalaminta. Tawa 'yar kuwa tana cikin ramin siminti, ba wanda ke riƙe da alƙalami a kanta.

Na faɗa wa Malama inda take cikin kalma biyu. Ta ce, "Innalillahi!" Ta jefar da takalman, muka fita a guje, ni da ita, ba takalmi.

Ban taɓa sanin hanyar gonata na da tsawo ba sai ranar. Muka bi gefen babbar hanyar ruwa. Na duba ciki, na ga ruwan ya riga ya taho, yana tafe yana tura kara da ganye a gabansa, yana gudu ya fi mu. An saki ruwa da wuri. Muka wuce motar ɗaukar tumatir a tsaye, kwanduna a jere ba komai ciki. Muka wuce tsofaffin mata masu tsinkar tumatir suna tafe da ƙwaryarsu. Ɗaya ta ce, "Lafiya, matar marigayi?" Na yi gaba da guduna. Suka biyo mu.

Da na isa, ga abin da na gani. Uwarku tana zaune a ƙasan akwatin, bayanta a jingine da tulu, tulun ya shige bututun Alhaji ta gindi, ta cusa tsumma da laka ta kewaye shi. Ruwa ya kai mata ciki. 'Yan ƙwadago biyu, 'yan ci-rani ne, ɗaya matashi ɗaya dattijo mai furfura, suna tsaye a kan buhunan da suka toshe nawa bututun, suna mata tsawa ta fito. Ba ta ko ɗaga ido ba. Leɓunanta sun yi fari don sanyi.

Na ce, "Ke! Fito! Ƙarya ce, babu ita, ba a yi ta ba! Ga Malama nan ta faɗa!"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Na sani, Inna."

"Kin sani?"

"Malama ta faɗa mana tun ranar da ta raba littattafan. Da na gaya miki ba za ki bar ni ba."

Malama ta ce, "Don Allah ki fito, ni ban ce ki yi haka ba!"

Ta ce, "Malama, ita ba a yi ta ba. Ni an yi ni, gonar ma an yi ta."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tattare zane na dira cikin akwatin. Sanyin ruwan ya sare ni kamar lauje. Na kama ta ta hammata na ɗaga, ta taso kaɗan ta koma. Na sake ɗagawa, ta koma. Na lalubo ƙugunta, sai na ji igiya. Ta naɗe igiyar guga a jikinta kamar yadda aka yi a littafin, ta ɗaure ta tamau a wani guntun ƙarfe da ya fito daga simintin can ƙasa. Na nemi ƙullin da yatsu. Igiyar kaba ce, ta sha ruwa ta kumbura, ƙullin ya zama kamar dutse. Na ja da farce har farcen ya karye.

Ita ma ta kai hannu ta taɓa ƙullin. Na ga idonta ya canja. A littafin, yarinyar a gaɓar rijiya ta zauna, igiyarta ba ta jiƙe ba.

Ruwa ya kai mata ƙirji.

Na juya wurin buhunan, na kama kunnen ɗaya na ja. Yashi ne jiƙaƙƙe, ga mutum a tsaye a kai, ko motsi bai yi ba. Matashin ya ce, "Iya, mu aka sa mu, ba mu da iko."

Sai ga ƙarar babur. Alhaji ya sauka yana gyara babbar riga. Ya leƙa ya ce, "Wane irin iskanci ne wannan? Wa ya aiko ta?"

Ɗaya daga tsofaffin nan masu tsinka, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, ta ce, "Ƙishirwa ce ta aiko ta, Alhaji. Kai ba ka san ta ba."

Ya ce, "Ku wuce bakin aikinku, mota na jira!"

Ta ce, "Ta jira. Tumatir ba ya gudu."

Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta tsaya. Direban mota ya zo. Ruwan da ya rasa hanya ya fara komawa baya yana lasar kunyar gonar Alhaji.

Ruwa ya kai mata wuya. Na durƙusa na sa tafin hannuna a ƙarƙashin haɓarta na ɗaga fuskarta sama. Ina jin haƙoranta suna haɗuwa a cikin hannuna.

Alhaji ya ce wa dattijon, "Kana da wuƙa, yanke igiyar ku ciro ta ku fasa tulun nan!"

Ku ji abin da kakarku ta ce, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ku yanke! Na bar gonar! Wallahi na bar ta, ku yanke!"

Uwarku ta ce, "A'a, Inna," ruwa ya shiga bakinta ta sarƙe. Ta dunƙule hannu biyu a kan igiyar a ƙarƙashin ruwa, ta rufe ƙullin da cikinta.

Dattijon ya zaro wuƙar daga kube. Ya dubi ruwan, jajir da laka, ba a ganin komai ciki. Ya dubi yarinyar. Ya ce, "Alhaji, ba zan sa wuƙa a makance kusa da cikin 'yar mutane ba. Ina da irinta a gida."

"Ni nake biyanka!"

"Kai kake biya."

Ya mayar da wuƙar. Ya ture matashin gefe, ya sauka cikin ruwan, ya sunkuya har gemunsa ya nutse, ya rungumi buhu ɗaya ya ɗaga ya jefar waje. Ya koma ya ɗauko na biyu. Direban mota ya miƙa hannu ya karɓa. Ruwan yana taɓa leɓen uwarku na ƙasa, na ɗaga haɓarta har wuyanta ya miƙe, ina karanto duk abin da na iya. Da buhu na uku ya tashi, sai na ji bututuna ya yi wani gunji, na ji ruwa yana jan zanena ta hagu.

Ya sauka daga leɓenta zuwa haɓa. Ya sauka zuwa wuya. Na ga kafaɗunta sun fito.

Da ya sauka zuwa ƙugu, ƙullin ya bayyana, dattijon ya sa wuƙa ya yanke igiyar a fili kowa na gani. Na ɗauke ta, ba ta iya tsayuwa. Bafulatanar ta kwance mayafinta ta lulluɓe ta.

Alhaji ya ce a mayar da buhunan. Ba wanda ya motsa. Malama, ƙafafunta duk ƙaya da jini, ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, faɗa mini cikakken sunanka, zan rubuta wa ofishin ruwa abin da na gani yau." Ya dube ta, ya dubi matan nan, ya dubi mai nonon da za ta kai labarin kasuwa kafin azahar. Ya ce, "A bar musu na yau." Ya hau babur ɗinsa.

Ban zauna jinya nan take ba, kada ku ce ba ni da tausayi. Na bar uwarku a hannun matan a cikin rana, na bi ruwan da gudu zuwa gona, na jera bututaina, don ba ta shiga ramin nan don in bar ruwan ya zube a banza ba. Ina ban ruwa ina kuka. Ƙasar tana sha tana ƙara kamar mai a kasko. Sai da kowane fangali ya cika na dawo na goya ta, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta suna jan ƙasa.

A hanya na ce, "Kin yi mini ƙarya."

Ta ce a bayana, "Ban yi ba. Cewa na yi ga shi a rubuce."

Na ce, "Bari ki warke, ni da ke ne."

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Alhaji bai sake toshe bututun ba, don labari ya kai Kura ya kai Bunkure, yara suna nuna shi a hanya. Ya tsufa idonsa ya yi rauni, muna gaisawa har ya rasu, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Dattijon nan a ranar aka sallame shi. Da yamma na same shi a bakin titi yana jiran mota da ƙunshinsa. Gumbar da na daka tana nan a gefen mayafina, ta jiƙe ta dunƙule. Na ba shi, ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka. Ban tambayi sunansa ba, ban san garinsu ba, ban sake ganinsa ba.

Malama ba ta kai ƙarshen shekara ba. Iyaye maza suka ce littattafanta suna koya wa 'yan mata tsaurin ido, aka mayar da ita wata makaranta wajen Garun Mallam. Ta zo sallama ta durƙusa tana neman gafara. Na ce ba ki yi mini komai ba. Ta bar wa uwarku littafin.

Alkama ta yi, ba kamar yadda za ta yi ba da ba ta sha ƙishirwa ba, amma ta yi. Wan mijina ya zo ya ce mun zubar masa da mutunci a gari, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma liman na raye, bai ci alkawari ba. Gonar ita ce kawunnanku ke noma shinkafa a ciki yau.

Tulun bai fito ba, sai fasa shi aka yi.

Uwarku ta kwanta zazzaɓi har na fitar da rai. Da ta tashi kuma sai tsargiya, tana fitsarin jini, muka yi ta zaryar asibiti a Kura. Wannan duk babu shi a littafin. Ta gama makaranta, ta zama malama, ga ta nan tana ara wa 'yan mata littattafai a kwali. Ita ce kuma wadda ke zane ku in ta ji kun je wasa bakin hanyar ruwa, yanzu kun san dalili.

Yarinyar littafin, na tambayi liman ko ana yi wa irinta addu'a. Ya ce ba a yi wa wanda ba a halitta ba. Na bari. Matar da ta rubuta ta nake sawa a addu'a, don ba don ita ba da gonar ta tafi, wannan ba na musu. Amma ina da magana da ita in Allah ya haɗa mu. Ta kashe uwar yarinyar tun a shafin farko, don ta san in da uwa a raye, sai ta rubuta abin da uwar ta ji lokacin da take riƙe da haɓar 'yarta.

Ni kuma ga ni, gwiwoyi sun ƙi, ido ya rage. Ga kunnuwanku na mayar muku. Ke mai alƙalami, karanta mini abin da kika rubuta tun daga farko, in ji ko kin ƙara wani abu.